Takardar Wuta da Sunan Mamaci

A nan Daura, idan mutum ya rasu, aka yi masa sutura aka fito da shi ƙofar gida, akwai wata 'yar magana da ake yi kafin liman ya tayar da kabbara. Wani babba daga cikin dangi zai matso gaban sahu ya ce: jama'a, duk wanda ya san yana bin wannan bawan Allah bashi, ya zo ya same ni, na ɗauke masa. Wanda kuma ya san mamacin ne ke bin sa, shi ma ya zo. Kashi na biyun nan ban taɓa ganin ya tara jama'a ba, amma dai ana faɗa.

Ranar da yayana ya rasu, ni na yi wannan magana, domin ba wanda ya rage a gidanmu da ya girme ni. Na gyara zaman babbar riga a kafaɗa, na yi gyaran murya, na faɗe ta har na sahun baya suka ji. Ban ji ɗar ba ko kaɗan, saboda na san wanda na tsaya wa. Yayana mutum ne da in ya ci goronka da safe ba ya samun sukuni sai ya mayar maka da biyu kafin la'asar. A kwanakin zaman makoki 'yan ƙalilan ne suka zo: wani mai taki daga Mashi da ke bin cikon kuɗin buhu, sai wani tsoho da ya ce akwai galmarsa a gidan tun shekarar da aka yi fari. Muka nemo wata galma muka ba shi, ya jujjuya ta ya ce ba ita ba ce amma ya yafe. Aka sallami kowa, aka raba gado, na koma gidana da ke bayan nasu ina ganin na sauke.

'Ya'yan suka watse neman abinci. Babban yana Kano, mai bi masa yana harkar kaya ta Kongolam, can bakin iyakar Nijar, matan suna ɗakunansu. Gidan ya rage daga tsohuwarsu sai mai haya a shagon ƙofar gida. Tsohuwar nan, matar yayana, tun ranar da aka kawo ta gidanmu nake ce mata Amarya, kuma ban fasa ba har yau da haƙoranta na gaba suka yi ritaya. Ita kuma Ƙaramin Miji take ce mini. Tsakanin mutum da matar wansa wasa ne, kowa ya sani, to ni na riƙe nawa wasan da muhimmanci kamar aikin gwamnati. Mai hayar kuwa mutumin kudu ne, Ibo, Kirista, yana sayar da kayan gyaran babura. Ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta jikokina daɗin ji. Yana ce mini Baba, yana ce mata Mama.

Shi ne ya kira ni a waya wata rana da bazara, bayan azahar, ya ce in zo, masu wuta sun zo da tsani. Na tarar da samari biyu a ƙofar gida, ɗaya riƙe da tsani ɗaya riƙe da takarda. Kafin in iso sun riga sun yi ɓarnar. Sun tsaya a bakin zaure sun ƙwala kiran sunan yayana, cikakke har da na mahaifinmu, kamar yadda ake kiran mai rai ya fito. Amarya na tsakar gida tana tsintar wake. Ita da ta yi zaman aure da shi tun tana yarinya ba ta taɓa furta sunan nan da bakinta ba, Malam take cewa. Sai ga sa'o'in jikokinta suna wurgi da shi a kan titi, kuma a matsayin wanda ake bi bashi.

Mai takardar ya yi mini bayani da ladabi, ban ce bai yi ba. Wai tsohuwar mitar da ke bangon zaure ta daina juyawa tun yayana na da rai. Abin da ake biya kowane wata kintace ne kawai, kuma kintacen ya yi ƙasa. Yanzu an zo an duba, an shigar a kwamfuta, kwamfuta ta koma baya ta lissafa bambancin duk shekarun nan ta haɗa shi wuri ɗaya. Ya miƙo mini. Karatuna na boko a aji huɗu na firamare ya tsaya, lokacin da mahaifinmu ya ga gona ta fi makaranta buƙatata, amma lamba ba ta ɓace mini. Na duba, na cire tabarau na goge da bakin riga na mayar, ba abin da ya ragu. Kuɗin sa ne, sa mai kyau, irin wanda dillalai ke zagayawa suna shafa masa tozo.

Na ce masa mai sunan nan ya rasu, shekaru ke nan. Ya ce Allah ya ji ƙansa, na ce amin, abokinsa ma ya jingine tsani ya ce amin. Sannan ya ce sai dai kwamfuta ba ta sani ba. Na ce to a gaya mata mana. Ya ce ba a nan ake gaya mata ba, sai a ofis. Suka ce yau ba za su yanke ba saboda girmana, amma in ba a ga motsi ba za su dawo.

Ni da farko dariya abin ya ba ni. Wutar da za a yanke ɗin, ina take? A unguwarmu takan leƙo ne kamar baƙon da ya yi ɓatan hanya, kafin ka ce sannu da zuwa ta juya. Mai shago ma ya ce abin mai sauƙi ne, kowa haka yake yi. A bar su su yanke, a ƙyale tsohon asusun ya mutu tare da mai shi, in an kwana biyu a je a nemi sabuwar mita da wani suna kamar sabon gida. Bashin ya zauna a cikin kwamfuta, su ci abinsu. Na ce Allah ya yi maka albarka, ka fi lauya.

Na shiga da wannan shawara wurin Amarya ina tafe ina taƙama. Na same ta a inda aka bar ta, tiren wake a cinya. Na ce Amarya kwantar da hankalinki, mijinki na biyu ya gama da maganar. Na zayyana mata. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce:

"In an yi haka, bashin yana kan wa?"

Na ce yana kan kwamfuta.

"Sunan wa ke jiki?"

Na hau gyara zaman hulata.

"Ƙaramin Miji, ranar da aka fito da Malam ina cikin gida, amma na ji muryarka. Kai ne ka ce ka ɗauke masa, ko wani ne ya ari bakinka?"

Na ce ni ne, amma ai mutane nake nufi, masu ƙafa biyu, waɗanda za su zo su yi sallama. Ban ce da kamfani ba. Ta ce ita ba ta ji na ware kowa ba. Ta ce tun tana ƙarama take jin malamai na cewa mamaci ba ya samun sakewa matuƙar da bashi a wuyansa, kuma duk shekarun nan tana kwana da sanyin zuciya cewa Malam ya tafi ba nauyin kowa. Ashe yana can da wannan. Ta ajiye tiren ta shiga ɗaki, na ji ta zare wayar fanka daga bango, a zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Ta ce ba za ta ƙara masa ko sisi ba.

Washegari bayan la'asar na tare limamin masallacinmu na kai masa ƙara. Fatana ya ce kamfani ba mutum ba ne, ko ya ce kintace ba bashi ba ne. Bai ce ko ɗaya ba. Ya ce in dai an sha wutar da gaske, haƙƙi ne, ko na waye. Amma tunda na tsaya gaban shaidu na ce na ɗauka, to da yardar Allah yana kaina, mamaci ya fita. Na ce Malam, rabin fatawar nan ya yi mini daɗi, rabin kuma ya yi mini tsada.

Na kai wa Amarya rabin mai daɗin. Ta ce ta ji, ta gode wa liman. Amma in har ya fita, me sunansa yake yi a takarda? Kuma wata mai zuwa yaran nan za su dawo su tsaya a ƙofa su sake kiran sa. Ta ce ita ba ta yi karatu ba, ba ta san abin da ake dubawa a can ba da abin da ba a dubawa. Abin da ta sani shi ne an rubuta. In na ɗauka da gaske, a goge nasa a rubuta nawa, ta gani. Na ce Amarya, ke da ba ki san boko ba, me za ki gani? Ta ce za ta gani.

Daga ranar abincinta ya ragu. Mai shago ne ya gaya mini, don matarsa kan shiga gaishe ta: tuwo yakan kwana a kwano, ta daina zama a tsakar gida da yamma. Matar da ko ranar da aka yi mata aikin ido sai da ta tsokane ni, yanzu in na shiga na ce Amarya, sai ta ce sannu da zuwa, kamar ta ga baƙo. Wannan ne ya tayar da ni, ba tsanin masu wuta ba.

Na kira babban ɗan a Kano. Ya ce wannan fashi ne da rana tsaka, kada Baba Ƙarami ya biya ko kwabo, shi zai zo da kansa ya ga manaja. Har yau da nake rubutun nan yana hanya. Na san daga dukiyar mamaci ake fitar da bashi, kuma ina da ikon in bi magada kowa ya mayar da wani abu daga rabonsa. Amma gonar an sayar, shanun sun zama jarin da ya karye, ni kuma ban ga kaina ina bin 'ya'yan yayana gida-gida kamar mai karɓar haraji ba.

Sai na fara zuwa ofis. Mai shago ne ke kai ni a babur, ya rufe shago ya bar ciniki. A hanya ya ce mini ya janye shawararsa. Ya ce a garinsu ma ba a binne mutum dangi su watse sai an zauna an tambayi wa ke bin sa, kuma da mahaifiyarsa ce, ita ma haka za ta yi. Na ce to me ya sa ka ba ni waccan? Ya ce ya ɗauka ni ɗan zamani ne.

Ofishin ɗaki ne mai benci da fanka da ba ta juyawa, don su ma ba su da wuta. Na daɗe ina jin daɗin wannan. Da layi ya zo kaina na zauna gaban wata yarinya mai lulluɓi, sa'ar jikata, na yi abin da na iya. Ni duk rayuwata a kasuwar dabbobi na yi ta, ban san wani kuɗi da ake faɗa a biya shi yadda aka faɗa ba. Na tura takardar gabanta na ce, 'yata, kun sa suna, to ga tayina. Na taya, na gyara zama ina jiran ta ce albarka mu fara. Ta ce Baba nan ba a ciniki. Na ce 'yata, ko sadaki ana ciniki. Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, amma lambar ba ta motsa ba.

Na ce to a bar maganar kuɗi tukuna, ni suna na zo canzawa. A cire na yayana a sa nawa, bashin ya dawo kaina. Ta ce tun da ta fara aiki, masu cewa bashin ba nasu ba ne take gani, ba ta taɓa ganin wanda ya zo da ƙafarsa ya ce a ɗora masa ba. Ana iya yi, in ji ta, amma sai na kawo shaidar cewa mai sunan ya rasu, a rubuce. Na ce a gida ya rasu, a kan tabarmarsa, ba likita ba asibiti, wa zai ba mu takarda? In tana so mu hau babur mu je maƙabarta, sai dai ko ni yanzu sai na yi kirdado, don damina ta sha wucewa ta kan wurin, kuma mu ba ma rubuta suna a kabari. Ta ce ba ita ke so ba, fayil ke so. Sai in kawo wasiƙar mai unguwa da rantsuwar kotu.

Mai unguwa bai ba ni wahala ba, da shi aka ɗauki makara. Kotu ce ta ci ni. Ba wai sun wulaƙanta ni ba. Zama ne, da dawo gobe, da mai hatimi ya fita. Ranar da aka dace kowa na nan, akawu ya karanta mini abin da aka buga, ya ce in rantse cewa wane ɗan wane ya rasu. Ni da na shiga ramin da ƙafafuna, na karɓe shi daga hannun mutane, na juya fuskarsa gabas. Na buɗe baki zan yi wasa kamar yadda na saba, in ce ko ana tsoron ya dawo ya musa ne, sai wasan ya ƙi fitowa. Na rantse kawai. Na fito na zauna a gindin darbejiya a harabar kotun, na daɗe ban nemi abin hawa ba.

Na mayar da takardu ofis, aka ce sun cika, sai dai bashi mai girman wannan ba a taɓa shi a Daura, sai Katsina. Na hau mota. Zuwan farko manaja na taro. Na koma, aka ce ya tafi ta'aziyya, ban iya jin haushinsa ba. Gwiwoyina ba sa son bas, kuma kujerar baya ke rage wa tsofaffi don ba ma iya rige-rige. Duk dawowa sai na biya ta wurin Amarya kafin in shiga gidana, ta dube ni daga bakin ƙofar ɗaki, in ce saura kaɗan. Ta rame har zane ya fara yi mata yawa.

Ranar da na samu manajan, na ga mutum ne mai 'yar furfura, a gajiye kamar ni. Na ba shi labari tun daga sahun jana'iza, bai katse ni ba. Na tuna masa akwai lokacin da tiransifomar unguwarmu ta ƙone muka yi wata da watanni a duhu, har sai da muka yi karo-karo muka gyara da kuɗinmu, kuma kwamfutarsa ta lissafa mana wutar wannan lokacin ma kamar mun sha. Ya duba, ya kira wani ya tambaya, ya ce gaskiya ne, za a cire. Aka cire. Sa ya koma maraƙi. Na ce ranka ya daɗe, tunda hannu ya fara sauka, a ƙara sauke shi mana. Ya ce iya nan ikonsa ya tsaya.

Ga yadda za a yi, in ji shi. In biya wani kaso yanzu, a cire tsohuwar mita a sa mai kati, a buɗe da sunana, ragowar bashin ya dawo kaina. Ba za a sake aiko kowa da tsani ba. Duk lokacin da aka sayi katin wuta, kwamfuta za ta yanki wani abu daga kuɗin ta zuba a bashin, sauran ya zama wuta, a haka a haka har ya ƙare. Na ce sunan yayana fa? Ya ce zai fita gaba ɗaya. Na ce a sake faɗa, don akwai wadda za ta tambaye ni. Ya sake faɗa.

Ina da raguna biyu da nake kiwo a bayan gida, ina jiran Babbar Salla su yi daraja. Na kai su kasuwa tun lokaci bai yi ba. Dillalan duk yarana ne, wasu ni na koya musu duba haƙori, kuma sun karanta fuskata yadda na koya musu, sun ga mai buƙata. Na sallama a kuɗin da, da ni ke saye, sai na yi ta ba da labari. Mai shago ya cika mini abin da ya rage, ya ce ai rediyonsa ma ya sha wutar, kada in ce komai. Ban ce ba.

Aka zo aka sa mita, 'yar ƙarama mai lambobi kamar waya. Na je na sayi katin farko, aka ba ni 'yar siririyar takarda, sunana a sama, bashin a ƙarƙashinsa. Na shiga na ce Amarya fito ki ga mijinki ya shiga kwamfuta. Ta fito tana dafa bango. Na karanta mata. Ta ce ba ta yarda ba. Wai shekara nawa ina karanta mata wasiƙun 'ya'yanta ina ƙara abin da ba su rubuta ba, wai har na taɓa ce mata babban ya ce a yanka wa Baba Ƙarami zakaran gidan. Ni dai ban tuna da wannan ba. Ta ce a kira mai shago. Ya shigo ya durƙusa, ya karɓi takardar, ya karanta sunana da na mahaifinmu a hankali. Ta ce ya duba baya. Ya juya, ya ce Mama babu komai a baya. Ta ce ya duba ƙananan rubutun na ƙasa, ko Malam na ciki. Ya bi su da yatsa har ƙarshe, ya ce ba ya ciki.

Ta karɓi takardar ta riƙe, a juye ma ta riƙe ta, ban gyara mata ba.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Malam, ka huta."

Sannan ta ce wa mai shago ya gaya wa matarsa, in akwai sauran farfesun da takan kawo mata tana ƙi, yanzu tana so.

Na ɗauka an gama. Na samu barci kamar wanda ya sauke buhu. Ba a daɗe ba ta sa aka kira ni, ta ce in sake yi mata bayanin yadda bashin ke raguwa. Na ce sai an sayi kati. Ta ce yaushe ake sayen kati? Na ce in na ciki ya ƙare. Ta ce yaushe yake ƙarewa? Na ce in an sha wuta. Sai ta dube ni tun daga hula har takalmi, irin kallon da nake yi wa tsohuwar saniya a kasuwa.

"Ƙaramin Miji, kai ma fa ba yaro ba ne. Jiya na ga yadda ka tashi daga tabarma."

Na ce Amarya, in wani saurayin kika samu ki faɗa kawai.

"Ba zan fitar da ɗaya in bar ɗaya a ciki ba."

Na ce mata ana iya zuwa a biya kai tsaye in da kuɗi, sai dai raguna sun ƙare, sai kaka in Allah ya kai mu. Ta ce kafin kaka fa? Ita dai abin da ta fahimta shi ne, in ana shan wuta bashina na tafiya, in ba a sha yana nan zaune. Na ce mata ai kuɗin katin ma daga aljihuna yake fita, kuma mafi yawansa wuta yake zama, ɗan kaɗan ne ke shiga bashin. Ta ce wannan lissafin maza ne.

To haka muke yanzu. Duk makunnan gidan a kunne suke, don kada wuta ta zo ta tarar ba a shirya ba. Ta sanar da matan layin, duk mai guga ta kawo, duk mai cajin waya ta kawo. Wata maƙwabciya ta ɗauko firjinta ta ajiye a rumfar tsakar gidan tana yin ƙanƙarar sayarwa, ba a karɓar mata ko kwabo, har godiya ake yi mata. Sai dai kamfanin bai san da wannan shiri ba, yana kawo wutarsa yadda ya saba. Wani lokaci mu yi kwanaki ba ta leƙo ba, kayan guga sun taru a kan tabarma, Amarya na zaune kusa da su da carbi tana roƙon Allah ya ba masu wuta ikon kawowa. Ban san wani mutum a Daura da ke yi musu addu'ar alheri ba bayan ita.

Da rana in ina kwance a zaurena na ji hayaniyar mata ta bayan katanga, da gurnanin firji ya tashi, na san an kawo. Sai in ji muryarta sama da ta kowa tana cewa a yi sauri a jona, a jona duka. Ni kuma in laluba aljihu in ji abin da ke ciki, in juya in fuskanci bango.